Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi: A Koya Mana Danna Ƙirji

Assalamu alaikum. Allah ya taimaki Hakimi, Allah ya ja zamaninka.

Mu ne 'yan kasuwar bakin tasha da masu adaidaita sahu da wasu iyayenmu mata, abin da ya faru ranar Laraba bayan la'asar ne ya sa muka rubuto. Wani dattijo mai goro yana cikin ƙirga canji kawai ya yanke jiki ya faɗi. Ranka ya daɗe cincirindo muka yi a kansa, wani na fifita da kwali, wani ya kwara masa ruwan leda, wata na kai masa albasa hanci, har da mai neman cokali zai tura masa a baki wai farfaɗiya ce, wasu kuma waya kawai suka ɗaga suna ɗauka. Kafin a samu abin hawa a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ba ma ja da ikon Allah, kwana in ya ƙare ya ƙare, amma tambayar da likitan ya yi mana ce ta hana mu barci, wai a cikinku ba wanda ya danna masa ƙirji?

Ashe abin ba wuya wallahi. In babba ya faɗi, an kira shi an jijjiga shi bai amsa ba, ba ya numfashi ko kuma sai wani irin gurnani jefi-jefi, to zuciya ce ta tsaya. Wani ya kira lambar gaggawa ta 112 ko ya nemo mota, kai kuma ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora tafin hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirji, ka miƙe gwiwar hannu ka riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, ba tsayawa, in ka gaji wani ya karɓa. Hannun ne ke tura jini zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuwa minti 4 zuwa 6 ba jini ta fara lalacewa, wane adaidaita ne zai kai mu asibiti a haka cikin cunkoson yamma? Hura iska a baki da mutanenmu ke ƙyama ma ba dole ba ne, tun 2008 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce hannu kaɗai ya wadatar wa wanda bai da horo. Ƙananan yara da wanda ruwa ya ci su kam suna buƙatar iskar, shi ya sa muke son masani ya koya mana. Yaranmu na gidan kallo sun ga Eriksen na Denmak a 2021 ya faɗi a fili, aka danna masa ƙirji aka sa masa na'urar lantarki mai farfaɗo da zuciya, ya dawo ya ci gaba da buga ƙwallo.

Roƙonmu ka tara dagatai da masu unguwanni a sa rana ko sau ɗaya a wata a ƙofar fada, 'yan Red Cross da ma'aikatan asibiti su zo da ɗan mutum-mutumin roba mu gwada da hannunmu. 'Yan agajin masallatai su fara, tunda kullum suna cikin taro. Mata a yi musu nasu a islamiyya, kuma malamai su yi mana bayani a huɗuba kan mace in ta faɗi babu wata mace kusa, don mun san maza za su tsaya kallo ne saboda kunya.

Sai babbar matsalar, ranka ya daɗe: tsoro. Da yawa ba sa taɓa wanda ya faɗi don kar a ce su suka kashe shi a kwana a ofishin 'yan sanda, ga shi an ce haƙarƙari kan iya karyewa wajen dannawa. Dan Allah ka zauna da DPO a samu magana ɗaya da za a sanar a kasuwa.

Benci da lasifika mu za mu kawo.

Talakawanka,
'Yan kasuwar bakin tasha da masu adaidaita sahu.