Jiƙon "daidaita homon": wane homon ɗin?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili kan tallan jiƙo da garin magani da ake cewa suna "daidaita homon", wato sinadaran da jiki ke samarwa don tafiyar da ayyukansa. Ni ba mai raina saiwa da sassaƙe ba ce. Mutanen Sin sun daɗe suna maganin maƙoƙo da ciyawar teku, sai a 1811 aka gano sinadarin aidin a cikin tokarta, sannan aka gane sirrin. Metformin ma, da masu ciwon suga ke sha, asalinsa daga binciken wani tsiro ne mai suna Galega, kuma likitan Faransa Jean Sterne ya gwada shi a kan majinyata a 1957. Amma duk sai da aka auna, aka san wa zai sha, kuma nawa zai sha.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, tairod, wannan 'yar gaɓar da ke gaban wuya mai samar da homon, ta fuska biyu take samun matsala. Ko ta yi sanyi, mutum ya yi ta kasala da ƙiba da jin ɗari, ko ta zarce, ya rame alhali yana cin abinci, zuciya na dukan uku-uku. To kwalba ɗaya ta yaya za ta gyara duka biyun?

Yayata ta kusa wata uku tana shan wani gari mai ciyawar teku. Na zauna ina kallonta tana ƙoƙarin zura zare a allura, hannu na karkarwa, zufa na ɗiga ana tsakiyar sanyi. Da aka yi gwajin jini, ashe tata tairod ɗin zarcewa ta yi, aidin ɗin kuwa ƙara wa wuta fetur yake yi.

Ashwagandha, wani tsiron maganin gargajiyar Indiya da ake ta yayi, gwaje-gwajen da aka yi a kansa ƙanana ne, na 'yan makonni, kuma Denmak ta hana sayar da shi a 2023, har da fargabar yadda yake taɓa tairod. Likoris kuwa, wata saiwa mai zaƙi, in aka dimance ta, hawan jini take kawowa.

Don Allah, Malam Edita, kafin ku karɓi irin wannan talla, a tambayi mai shi: wane homon, kuma a kan mutum nawa aka gwada?

Taku,
Wata mai karatu