Rahoton Kwamitin Ginin Kwamin Kifi na Makarantarmu

Assalamu alaikum. Tunda maganar "ina kuɗinmu suka shiga" ta yi yawa a zauren tsofaffin ɗalibai, ga bayani. Rasit kuma na hannun ma'aji ga mai son gani.

An amince a gina kwami biyu na siminti bayan ɗakin gwaje-gwaje, don yara su ga darasin halittu da idonsu. Tono, bulo da filasta duk sun tafi lami lafiya.

Inda aka yi asara shi ne zubin farko. Mun saka 'ya'yan tarwaɗa kwami bai gama jiƙa ba, washegari muka tarar da su birjik a saman ruwa, ciki sama. Laifinmu ne, ba na magini ba. Sabon siminti yana sakin sinadari mai kaifi irin na kanwa, kifi kuwa ba ya jure ruwan da ma'aunin pH ɗinsa (ma'aunin tsami ko kaifin ruwa) ya haura 9. Ta gaɓar numfashin da ke gefen kansa yake ɗaukar oksijin, ta nan kuma yake fitar da ammoniya, wato ƙazantar jikinsa, kuma kaifin ruwa yana ƙara wa ammoniyar dafi. Sai da muka yi makonni muna cikawa muna zubarwa kafin muka sake sayen iri.

Sai famfon sola, wanda wasu suka kira almubazzaranci. Sun ce tarwaɗa ai ko a taɓo tana rayuwa. Gaskiya ne babba tana leƙowa ta haɗiyi iska, amma ƙanana sosai ba su kai nan ba, kuma haɗiyar iska ba ta wanke ƙazantar da ke taruwa a ruwa. Da asuba oksijin ke ƙaranci, don gansakuka ma shaƙarsa take yi cikin dare. Wa zai riƙa jan guga a lokacin?

Godiya ta musamman ga Alhajinmu da ya ba da siminti gaba ɗaya, ya kuma hana a faɗi sunansa, da Hajiya da ta biya kuɗin iri na biyu ba tare da ta yi mana gori ba. Allah Ya saka, Ya jiƙan mahaifa.

Saura magudana. Ruwan da muke zubarwa taki ne, amma yanzu kwanciya yake bayan aji yana tara sauro, alhali lambun makaranta na kusa. Muna neman bututu, da ragar da za ta kare kifin daga tsuntsaye. Mai niyya ya tuntuɓi ma'aji kafin damina ta sauka.