Ciwon gaɓoɓi bayan ɗaukewar al'ada: a rage aike kemis, a ƙarfafa cinya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan ciwon da ya addabi iyayenmu da yayyenmu mata, wanda ba a cika kawo shi asibiti ba sai ya yi nisa. Mace ta kai shekara 45 zuwa 55, al'ada ta fara yi mata wasa, yau ta zo gobe ta ƙi, daga baya ta ɗauke. A daidai lokacin sai gwiwa ta fara ƙara, yatsu su sage da asuba, kafaɗa ta ƙi ɗaguwa wajen ɗaura ɗankwali, tashi daga tabarma ya zama sai an dafa bango. A gida a ce sanyi ne, ko girma ne ya zo, a aiki yaro kemis ya ce a haɗa wa Hajiya na ciwon jiki. Wannan haɗin ne ya sa muka ɗauki alƙalami, domin ɓarnarsa ta fi amfaninsa, kuma abin da ya fi rage ciwon ba a kemis ake sayar da shi ba.

Ciwon na gaske ne, ba raki ba. Ma'ajiyar ƙwan mace tana samar da wani sinadari da ake kira istirojin, wanda bayan aikinsa na al'ada da haihuwa yake kwantar da kumburi a cikin gaɓa, yake taimakon guringuntsi da jijiyoyi, yake kuma riƙe ƙarfin ƙashi da tsoka. Idan ya ja baya, duk waɗannan suna ji a jikinsu, shi ya sa kusan rabin matan da ke wannan zango suke kukan gaɓoɓi. Ga gumin dare da ke hana barci, kuma wanda bai yi barci ba ya fi jin zafin ciwo. Ga ƙiba da ke taruwa a ciki daidai lokacin da naman cinya ke zubewa.

Sai dai ba kowane ciwo ne za a ɗora wa ɗaukewar al'ada ba, kuma agogo yana taimakawa wajen bambancewa. Idan ƙagewar safe tana sakewa kafin minti 30 da fara motsi, ciwon kuma ya fi tsananta bayan wanki ko hawan bene, galibi canjin sinadari ne ko zaizayewar guringuntsi, kuma abin da za mu faɗa a ƙasa zai yi aiki. Idan kuwa ƙagewar tana kai awa guda ko fiye, wuyan hannu da gindin yatsu na hannu biyun sun kumbura, ga kasala, to ana zargin amosanin da garkuwar jiki ke cin gaɓa. Wannan yana da nasa magani, kuma watannin farko ne ke raba wadda yatsunta za su tsira da wadda za su karkace, don haka gwajin jini ake nema da wuri. Kafaɗar da ta ƙage har wani ma ba ya iya ɗaga ta, ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60, musamman masu ciwon sukari, don haka a auna sukari. Gaɓa ɗaya da ta kumbura dare ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ba a kwana da ita a gida. Haka ciwon baya mai tayar da mutum cikin dare tare da rama, balle ga wadda ta taɓa jin ƙullutu a mama.

Mu koma ga haɗin kemis. Ƙwayoyin da ake zubowa a leda ba suna ba kwali, sau da yawa akwai magungunan kashe zafi biyu ko uku 'yan gida ɗaya a ciki, irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam (mun bar sunayen yadda suke a jikin kwali don a gane su). Shan biyu tare ba ya ninka sauƙi, illa yake ninkawa: gyambon ciki, baƙin bayan gida mai nuna zubar jini, tashin hawan jini, da lalacewar ƙoda a hankali ba tare da wata alama ba. Mafi muni ita ce 'yar ƙaramar ƙwayar da ake sakawa, dexamethasone ko prednisolone. Ita ce ke sa Hajiya ta tashi garau washegari ta ce yaron kemis ɗin nan ya san aiki. Bayan watanni fuska ta cika, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, sukari ya hau, ƙashin da dama ya fara raguwa da ɗaukewar al'ada ya ƙara zama holoƙo, har zamewa a banɗaki ta karya ƙugu. Wadda ta sha irin wannan fiye da mako 3 kada ta yanke shi rana ɗaya, domin jiki ya daina samar da nasa sinadarin mai irin aikin ƙwayar, yankewar na iya kayar da ita. Likita ne zai rage mata kaɗan kaɗan. Tsaga da sakiya a kan gwiwar da ta kumbura su ma ƙofa ce ta shigar ƙwayar cuta cikin gaɓa, kuma ga mai sukari miki ne da ba ya saurin warkewa.

Guringuntsi ba shi da jijiyar jini. Kamar soso yake, sai an matsa an saki yake shan ruwan gaɓa da ke ciyar da shi. Gaɓar da aka ajiye don gudun ciwo yunwa take ji, tsokar da ke tallafe da ita kuma tana ƙara zubewa, sai nauyi ya koma kan gaɓar kai tsaye. Don haka cewar da 'ya'ya ke yi, Inna ki zauna ki huta an ɗauke miki komai, ƙauna ce amma tana ƙara ciwon. Ƙa'idar da NICE, hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila, ta fitar a 2022 a kan amosanin gaɓa na zaizayewar guringuntsi ta sa motsa jiki da rage ƙiba a gaba da kowace ƙwaya.

Ga gwiwa, aikin yana kan tsokar gaban cinya. A samu kujera mai ƙwari wadda idan an zauna tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, gwiwa ta yi daidai da ƙugu, a jingina ta da bango don kada ta zame. A zauna a bakinta, a ja ƙafa baya kaɗan, a sunkuyo gaba, a miƙe tsaye, sannan a koma a zauna a hankali ana ƙirga uku. Sau 10, a huta minti ɗaya, a sake, kwana uku a mako. Wadda ba ta iya tashi sai da dafawa ta dafa, ko ta sa matashi ya ɗaga kujerar, bayan mako biyu ta gwada cirewa. Kurakuran da aka fi yi: faɗawa kan kujera jagwab, alhali saukar a hankali ita ce ke gina tsokar, barin gwiwoyi su haɗe ciki, da riƙe numfashi, wanda ke ɗaga jinin mai hawan jini. Motsi na biyu a kwance ake yi, rigingine. A lanƙwasa ƙafa ɗaya, a miƙe ɗayar, a ɗaure tsokar cinyarta ta yi tauri, a ɗaga ta kamar kamu ɗaya daga shimfiɗa, a ƙirga biyar, a sauke. Sau 10 kowace ƙafa. Idan ya zama wasa, a sa ledar fiya wata biyu cikin safa a ɗaura a idon sawu, kilo ɗaya ke nan, tunda kowace leda rabin kilo ce.

Yatsu kuwa ɗumi suke so kafin aiki. Da asuba a tsoma hannu cikin ruwan ɗumi minti 10, a dunƙule a buɗe a cikin ruwan sau 10, a taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa. Mai ciwon sukari ta gwada ruwan da gwiwar hannu, domin yatsunta na iya ƙonewa ba ta ji ba. Ga kafaɗa, a dafa tebur da hannu mai lafiya, a sunkuya, a saki mai ciwon yana lilo gaba da baya minti ɗaya, sannan a fuskanci bango a hau shi da yatsu har inda ciwo ya fara, a tsaya a ƙirga goma, a yi alama da alli don a ga ci gaba. Kada a bari wani ya fizge kafaɗar da sunan zai sake ta.

Ma'aunin da za a riƙe: ɗan tsami lokacin motsi ba laifi, muddin ya koma yadda yake kafin awa 24. Idan ya wuce haka ko gaɓar ta kumbura, a rage yawan zuwa rabi, kada a daina. Kuma sai an yi haƙuri, mako 6 zuwa 12 ake fara ganin bambanci, a nan ne da yawa suke karaya su koma kemis. Tafiya ma tana cikin lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, wato minti 30 kwana biyar, kuma ana iya raba shi goma goma a tsakar gida, da hantsi, da la'asar, da bayan isha, da takalmi mai taushin ƙasa maimakon silifas da ya cinye. Mai riƙe sanda ta riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba na ƙafar mai ciwo ba. A bene, ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka.

Gidajenmu a ƙasa ake komai, kuma durƙuso mai zurfi shi gwiwa ta fi ƙi. A ɗora baho kan benci a yi wanki a tsaye, a sa wa tsintsiya doguwar sanda, a musanya kujera 'yar tsugunno da mai tsayi, a samu kujerar banɗaki ko a kafa ƙarfen dafawa a bango, a bar wa yara tuƙin babbar tukunya. Batun salla, hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba marar lafiya damar yin ta a zaune idan tsayuwa ta gagara. Shawararmu ta fuskar jiki ita ce kada a miƙa wa kujera abin da jiki ke iyawa. Wadda sujada ce kaɗai ke ba ta wuya ta tsaya ta yi ruku'u, ta zauna a wurin da ya gagara, ta kuma tambayi malamai yadda ake yi. Da hunturu a dumama jiki da tufafi da ruwan ɗumi, ban da kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Gaɓar da ta kumbura tana zafi kuma sanyi take so: ƙanƙara a naɗe cikin tawul minti 10 zuwa 15.

Kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. Mai kilo 90 da ta rage 5 zuwa 9 cikin wata shida za ta ji a gwiwarta. Ba da yunwa ba: a cire lemon kwalba, a rage sukarin shayi da koko da fura, a rage malmala a ƙara miya da ganye. Mun san a wajenmu cikar jiki alamar hutu ce, har a tambayi wadda ta rame ko lafiya, amma gwiwa ba ta san wannan ba. Tsoka tana buƙatar wake, awara, ƙwai, kifi ko nama a kowane cin abinci. Ƙashi yana buƙatar kalsiyam wajen miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, kofin madara ko kindirmo ɗaya yana ba da kusan 300, sauran a nema a zogale, kuka, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu. Kalsiyam ba ya kashe ciwon gaɓa, karaya yake karewa. Bitamin D kuma daga rana yake, kuma macen da ke wuni a ɗaki, idan ta fita ta rufe ko'ina, tana iya rasa shi ko da a Sakkwato take. Rashinsa yana kawo ciwon ƙashi da raunin cinya. Minti 20 zuwa 30 a tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙwauri a buɗe, mafi yawan ranakun mako.

Idan ana buƙatar magani, a fara da na shafawa: diclofenac na shafawa a kan gwiwa ko yatsu sau 3 zuwa 4 a rana, ban da kan miki, kuma kada a gasa wurin bayan an shafa shi ko man zafi. Farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500, tsakani aƙalla awa shida, kada a wuce takwas a rana, ƙasa da haka ga siririya ko mai ciwon hanta. Ibuprofen miligiram 400 bayan cin abinci, iyaka sau uku a rana na 'yan kwanaki, shi kaɗai, kuma mai olsa, ciwon ƙoda, ciwon zuciya ko hawan jini ba ta taɓa shi sai da izinin likita. Tiramadol ba maganin wannan ciwo ba ne. Glucosamine, ƙwayar gaɓoɓi mai tsadar nan, waccan ƙa'ida ta 2022 ta ce kada a ba da shi, don ba a ga amfaninsa ba. Allurar gwiwa tana ba da sauƙin makonni, tana ɗaga sukari, kuma aikin asibiti ce.

Akwai maganin mayar da istirojin, na sha ko na liƙawa ko na shafawa. Ya fi dacewa da wadda ba ta kai 60 ba ko ba ta shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, kuma take fama da tasowar zafi da gumin dare. Wasu gaɓoɓinsu suna sauƙi da shi. Mai mahaifa dole a haɗa mata da sinadari na biyu mai kare bangon mahaifa, in ba haka ba ana jawo mata sankara. Ba a ba wadda ta yi sankarar mama, ko daskarewar jini a jijiya, ko ciwon hanta mai tsanani. Likitan mata ne ke yanke wannan. Duk wadda kuma ta ga jini bayan ta shekara guda ba al'ada, ta je a duba ta a makon.

Sassan gashi, wato inda ake gasa gaɓoɓi da koyar da motsa jiki, suna nan a Asibitin Ƙashi na Dala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da manyan asibitocin jihohi, kuma zuwa biyu ko uku ya isa a koya wa mace motsin da za ta ci gaba da yi a gida. Roƙonmu ga maza da 'ya'ya, tunda su ne masu sayen maganin: ranar da za a kai Hajiya, a tattara duk abin da take sha, na kemis da na gargajiya, har ledar haɗin da babu suna, a zube wa likita a kan tebur.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan sashen gashi da na lafiyar mata,
Kano.