Barka da Sallah daga inda dare ya gajarce

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanku da Sallah, Allah Ya karɓi layya, Ya maimaita mana. Ina lafiya. Mun sauko daga Idi tun da hantsi. Nan Aberdeen ta ƙasar Scotland ba a yanka a gida, kuɗi muka ba mahauci, naman sai gobe. Ƙamshin suyar Inna kawai nake tunawa.

Barci ne dai ya yi mini wuya. A wannan wata na Yuni rana tana fitowa ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare. Tsakanin Isha da Asuba ɗan gyangyaɗi ne. Sai da na sa labule mai kauri.

Baba, kun ce in yi muku bayanin aikin ɓerayen da ya hana ni zuwa. Ba ɓeraye ba ne, 'yan uwansu ne, hamsta ake kiransu. Namu 'yan asalin Saiberiya ne, duk girmansu ba su cika tafin hannu ba. A ƙwaƙwalwarsu akwai wani ɗan ƙullutu, finiyal, mu ma muna da shi. Da rana sinadarin serotonin yake tarawa. In duhu ya yi, ido ya kai labari ga agogon ƙwaƙwalwa, jijiya ta taɓa ƙullutun, sai ya shiga juya wannan sinadari zuwa melatonin yana zubawa cikin jini. Gari na wayewa ya tsaya. Dare gajere, zubar gajera. Dare dogo, zubar doguwa. Da tsawon zubar nan dabbar take sanin lokacin shekara.

Muna da ɗakuna biyu marasa taga, ɗuminsu ɗaya, abinci ɗaya. A ɗaya fitila tana ci awa 16, a ɗayan awa 8. Bayan kamar wata uku, na ɗakin dogon dare gashinsu ya koma fari, sun rame ga abinci a gabansu, sun daina barbara. Na ɗayan ɗakin suna nan jibga-jibga. Ba sanyin da ya taɓa su, agogon fitila ne ya ce musu hunturu ya zo. Tun 1965 wasu masana biyu, Hoffman da Reiter, suka nuna cewa in an cire wa hamstan Siriya wannan ƙullutu, duhu ba ya hana shi haihuwa.

Aikina ɗaukar samfuri cikin dare, da 'yar jar fitila mai dishi-dishi, don farin haske na 'yan mintuna ya isa ya katse zubar. Ran nan na manta wayata a aljihu ta haska, aikin daren ya tashi a banza. Na sha faɗa, kuma na cancanta.

Ga wanda zai yi muku daɗi, Baba. Tumakin ƙasar nan ma haka suke, sai dai su a juye: sai rana ta gajarta da kaka suke barbara, su haihu in sanyi ya wuce. Balami da uda ɗinku ba ruwansu, kowane wata haihuwa suke, don a Kano tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Nan ya haura awa 11. Ina jin ni ma jikin balami gare ni.

In za a fasa kan ragon don farfesu, a ce wa Auta ya leƙa tsakiyar ƙwaƙwalwar, zai ga ɗan abu bai kai ƙwayar wake ba. Daga irinsa na shanu aka fara tace melatonin a 1958. Ya ɗauko mini hoto kafin Yaya ta jefa tukunya.

Na turo goron Sallah, a ba Goggo da Kawu nasu. Inna, a ajiye mini dambun nama.

Ɗanku mai kewarku.