Ki bar takwarata ta je sansanin nan

Bauchi,
4 ga Agusta.

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, ke da maigidan da yara duka. Ya aiki, ya zaman Amurka? Mu nan sai godiya. Damina ta kankama, sabuwar masara ta fito, in kika bi ta Wunti da yamma hayaƙin masu gashi ne ko ta ina. Na leƙa Hajiya ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi har tana takawa zuwa maƙwabta. Ta ce ki dakata da aiko magani, na wancan karon ma bai ƙare ba.

Saƙonki na murya sau uku na saurare shi. Kin ce takwarata ta kafe sai ta bi 'yan ƙungiyarsu ta sikawut zuwa sansanin hutun bazara, kwana biyar a bakin tafki, ba waya ba iyaye. Babanta ya bar miki wuƙa da nama, ke kuma zuciyarki ta ƙi kwanciya. Ban amsa miki a lokacin ba domin ranar da saƙon ya shigo ni kaina ina tsakiyar fili da 'yan mata 32, muna fama da turaku da igiyoyi. Maganar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu, shi ya sa na ɗauko biro. In na gama zan ɗauki hoton takardun in tura miki, tunda kin ce saura mako biyu.

Tsoron da kike ji na san shi ciki da waje. Shekara da shekaru ba mu kwana da yara a waje ba. Tun watan Afrilun 2014 da aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, maganar kwana ta zama abin da ba a furtawa gaban iyaye. Aka zo aka yi Dapchi a 2018, ga ta nan Yobe maƙwabtanmu, sannan Jangebe a 2021. Kowace uwa 'yar Arewa tana ɗauke da waɗannan sunaye a ƙirjinta, har ke da kike wata uwa duniya. Sai aikinmu na Gal Gaid, wato ƙungiyar sikawut ta 'yan mata, ya koma fareti a filin makaranta ranar Laraba da yamma: a ƙulla igiya a ƙafar tebur, a rera waƙa, ƙarfe biyar kowa ta kama gabanta. Yarinya ta shekara uku tana sa kayan ƙungiya ba ta taɓa kafa tanti ba. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Bana na ce sai mun gwada. Ban ba yara takarda su kai gida ba, da ƙafata na je, gida 43 cikin mako uku. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya saurare ni a zaure har na kai aya, sannan ya ce, "Malama, 'ya mace ba ta kwana inda uwarta ba ta jin tarinta." Ban ja da shi ba, don tarbiyyar da aka yi mana ke nan ni da ke. Na ce to Baba, uwarta ta zo ta ji tarin. Haka kuwa aka yi. Iyaye mata huɗu suka kwana tare da mu, ga malamai mata biyar, ga wata ma'aikaciyar jinya da ta ba mu kwanakinta biyu don Allah. Wurin ma ba daji ba ne, filin wata makaranta ce mai katanga a hanyar Dass. Mun sanar da mai unguwa da 'yan sanda, 'yan banga shida suka kwana a ƙofa ta waje, kuma daga magariba zuwa wayewar gari ba namijin da ya taka filin. Duk da haka gida 11 suka ce a'a, ban kuma ga laifinsu ba.

Muna isa muka raba su rukuni huɗu, takwas-takwas: Gauraka, Balbela, Tsattsewa da Hasbiya. Kowane rukuni ya zaɓi shugabarsa, suka raba aiki a tsakaninsu, mai ruwa, mai wuta, mai shara, mai akwatin magani. Kin tuna dokar, babba ba ta yi wa yarinya abin da za ta iya yi da kanta. To a nan aka sha daga da iyayen nan huɗu. Uwa tana kallo 'yarta na yanka albasa a karkace, hannunta har ƙaiƙayi yake yi. Sai da na shimfiɗa musu tabarma can ƙarƙashin darbejiya na roƙe su su zuba ido kawai.

Itacen da muka saya ya sha ruwa. 'Yan Balbela suka ƙarar da kwalin ashana guda, hayaƙi ya cika musu ido, wuta ta ƙi. Akwai wata yarinya a cikinsu da aka kawo daga ƙauye tana zaune hannun goggonta. A aji ba a jin muryarta, sakamakonta kullum can ƙasa yake, yara ma ba su cika jan ta wasa ba. Ta jima tana tsaye a bayansu. Can sai ta tsuguna, ta karɓi gatari, ta faskara icen biyu, ta nuna musu cikinsa a bushe yake. Ta fefe shi siriri-siriri da wuƙa, ta jera kamar jinkar ɗaki tsakanin duwatsun murhu, ta ƙyasta ashana ɗaya tak, ta kwantar da kai tana hurawa a hankali. Wuta ta kama. Kafin la'asar sauran rukunan uku sun aiko a ara musu ita. Dafa-dukar ta ɗan kama ta ƙasa, amma har ƙanzon suka kankare suka cinye. Yarinyar nan, wallahi ranar na fara ganin haƙoranta.

Da dare bayan isha'i muka kewaye wuta. Yara shida Kiristoci ne 'yan Yalwa, in mun ta da sallah sukan koma gefe su yi addu'arsu, in mun idar a haɗu a murhu. Na ce a yi gaɗa, sai na ga ana kallon-kallo. Yawancinsu ba su iya ba. Mu da muka tashi a dandali, farin wata na fitowa mun fice, ba mu lura da ranar da abin ya kuɓuce wa 'ya'yanmu ba. Iyayen da na zaunar a tabarma su suka miƙe, suka ɗaura gyale a ƙugu, suka koya musu tafi da faɗawa hannun 'yan'uwa a cafe ki. Matar mai hatsin nan ta ce, "Ga ta nan ga ta nanku," yara suka amsa, "Ta zo mu ji ta," aka shiga Gizo da Ƙoƙi har itace ya zama garwashi.

Daren na biyu shi nake so ki ji da kyau. Wajen ƙarfe biyu hadari ya taso daga gabas, irin mai iskar nan da ke fara zuwa da ƙura. Mun haƙa 'yar kwata kewaye da kowane tanti tun da rana, amma ƙasa ta yi laushi, turakun Tsattsewa biyu suka tumɓuke, tantin ya rufta gefe guda. Ga tsawa. Na busa usur sau uku, alamar da muka koya musu ta a taru, muka kora kowa cikin aji, don ba a zama a fili ko gindin bishiya in ana walƙiya. Shugabar Tsattsewa shekararta 13. Kafin in buɗe littafin sunaye ta riga ta ƙirga nata, ta zo gabana jiƙe sharkaf ta ce, "Malama, mu bakwai ne." Gabana ya yanke ya faɗi. Muka koma da tocila ni da ita. Da muka ɗaga tamfol ɗin sai ga autarsu zaune a duƙunƙune, ta rungume akwatin magani a ciki, ta lulluɓe shi da hijabinta. Ƙafarta ta sarƙe a igiyar gidan sauro, ta kasa kwancewa da hannu ɗaya, ta kuma ƙi sakin akwatin. Na ce me ya sa ba ki ajiye shi ba? Ta ce, "Ni aka ba." Na goya ta muka fito, ruwan sama ya rufa mini asiri, don hawaye nake yi.

Na gaya mata, na kuma gaya wa sauran da safe, cewa rai yana gaba da kaya, in an ji usur a saki komai. Kuskuren nawa ne da ban nanata musu haka tun farko ba. Amma ki duba abin da ya faru bayan sallar asuba. Ba wadda ta ce a kai ta gida. Suka shanya barguna a katanga, suka sake kafa turakun a karkace yadda za su riƙe ƙasa, suka ɗaure da ƙullin nan da suka yi shekaru suna yi a ƙafar tebur ba su san amfaninsa ba.

Kafiyar takwarata ma gado ce a wannan ƙungiya. Sansanin farko da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907 maza ne zalla. A 1909 aka yi babban taron 'yan sikawut a Crystal Palace da ke Landan, sai ga 'yan mata sun zo sun ce su ma 'yan sikawut ne. Shekara na zagayowa, a 1910, aka kafa ta mata, ƙanwarsa Agnes ta riƙe ta. Ta can wajenku Juliette Gordon Low ce ta fara ta a garin Savannah a 1912 da yara 18, tamu ta Najeriya kuma ta fara a Legas a 1919. Dukanmu muna ƙarƙashin uwar ƙungiya ta duniya da aka kafa a 1928, shi ya sa duk 22 ga Fabrairu nawa yaran da su takwarata suke tuna juna, ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Yatsu ukun da take ɗagawa in za ta yi alkawari, su ne nawa suke ɗagawa.

Ke fa, kin manta Yankari? Muna aji uku, a bayan motar makaranta, muka ratse daga Dindima, muka shiga ta ƙofar Mainamaji. Ruwan Wikki garai-garai, kina hango yashin ƙasa, ɗuminsa ba ya canjawa dare da rana. Gwaggon biri ya fizge burodin karin kumallonmu, muka sha shayi haka nan muna ta dariya. Ni ina tsoron ruwa, ke kika tallafe mini baya kika ce in saki jikina. Marigayi Baba, Allah ya jiƙansa, da duk tsaurinsa, shi ya sa miki hannu a takarda, ya kuma kawo ki bakin mota da kansa a kan Vespa.

Don haka ra'ayina ki bar ta ta je, amma ki yi abin da iyayen nan suka yi mini, ki tsare shugabar sansanin da tambayoyi ido da ido. Su wa ke kwana kusa da yaran, mata nawa ne a kan yara nawa? Akwai ma'aikaciyar jinya a wurin dare da rana, kuma asibiti mafi kusa tafiyar minti nawa ce? Ki yi maganar abinci ɓaro-ɓaro, har wannan alewar mai laushi da kika ce suna gasawa a wuta, don galibi ana haɗa ta da sinadarin da ake samu daga alade. Ki rubuta mata lokutan sallah na kwanakin a takarda tunda ba waya, ki nemi a ba ta ɗan wuri da lokaci. Ki tambayi yadda suke gwada iyon yara kafin su bar su shiga tafki, ki kuma saya mata kayan wanka masu rufe jiki. Sai kaska. Ta ƙasarku tana sa ciwo mai wuyar sha'ani, ki koya mata duba bayan gwiwa, hammata da gindin gashi kowane dare. In amsoshinsu ba su kwanta miki ba, kada ki tura ta, ki nema mata na kwana ɗaya kusa da gida.

Abu ɗaya kada ki yi, kada ki ce mata in ta yi kuka za ki zo ki ɗauke ta. Za ta yi kukan, daren farko kusan kowa na yi, nawa ma uku sun yi. Ki dai saka mata 'yar wasiƙa a ƙasan jaka, ki tofe ta da addu'a, ki ce sai kin dawo.

Mu kuma muna shirin kai su Yankari in an yi rani, don yanzu ciyawa ta rufe ko'ina, ba a ganin namun daji sosai. Mai hatsin nan ya aiko matarsa ta tambaye ni nawa ne kuɗin mota. In kin samu mai tahowa kafin lokacin, ki taimaka mana da tocila irin ta goshi ko guda huɗu ce, da usur na ƙarfe, namu na roba sun fashe.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yara. Ki ce wa takwarata ina jiran hotonta a bakin tanti.

Taki har kullum,
Aminiyarki ta Bauchi.