Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Sadarwa: Kulle Faifan Kwamfuta Kaɗai Bai Wadatar Ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan kwamfutocin tafi-da-gidanka da jami'an gwamnati ke yawo da su, cike da bayanan jama'a. An saba cewa idan an kulle faifan ajiya da mabuɗin sirri, ko ɓarawo ya sace na'urar, ƙarfe kawai ya ɗauka. Wannan magana tana da gyara.

Muddin kwamfuta na kunne, mabuɗin da ke buɗe faifan yana zaune ne a ma'ajiyar wucin-gadi, wadda ake kira RAM. A da an ɗauka cewa da zarar wuta ta yanke, komai na cikinta ya shafe nan take. A shekarar 2008, masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka, ciki har da Alex Halderman da Edward Felten, suka nuna ba haka ba ne. Bayanan a hankali suke dusashewa, cikin daƙiƙoƙi, wani lokaci har mintuna, kuma sanyi na ƙara musu daɗewa. Gwangwanin iskar kaɗe ƙura suka kifa suka fesa wa ma'ajiyar har ta daskare, sannan suka kwashe abin da ke ciki. Ko da wani ɓangaren mabuɗin ya lalace, lissafi ya ba su damar sake haɗa shi. Da haka suka buɗe faifan da aka kulle da manhajojin kulle faifai irin su BitLocker da FileVault da TrueCrypt.

Masu ƙera kwamfutoci sun saka matakin share ma'ajiyar a lokacin kunnawa, amma a 2018 masanan kamfanin tsaron kwamfuta na F-Secure suka nuna yadda ake kewaye shi.

Abin da ya fi damuna, ranka ya daɗe, ɗabi'ar da kowa ke yi ce ba tare da tunani ba: a rufe murfin kwamfuta a jefa ta a jaka. Ba ta mutu ba, barci take, mabuɗin na nan daram. Wanda ya ɗauke ta a otal ko filin jirgi, 'yan mintuna sun ishe shi, kuma waɗanda bayanansu ke ciki ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Ina roƙon ku fitar da umarni cewa duk kwamfutar da ke ɗauke da bayanan sirri a riƙa kashe ta gaba ɗaya kafin ta bar hannun mai ita, a kuma toshe yanayin barcin daga saitinta, kada a bar wa jami'i zaɓi. A wajabta shigar da lambar sirri tun kafin na'ura ta tashi, domin wadda ke buɗe faifanta da kanta tana miƙa mabuɗin ga duk wanda ya danna maɓallin kunnawa. Idan kuma za a sayi sababbi, a sa sharaɗin su kasance masu kulle ita kanta ma'ajiyar wucin-gadin, tunda AMD da Intel, kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, duk suna da wannan fasaha.

Na gode, Allah ya yi jagora.

Wani ma'aikacin tsaron bayanai