Abba, Kafin Ka Raina Albashin Nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya Legas, ya baƙunta? Mu nan gida sai godiyar Allah.

Na ga hoton takardar ɗaukar aikin da ka turo, na karanta ta sau biyu. Na kuma ji abin da ka faɗa wa mahaifiyarka a waya, wai kuɗin bai taka kara ya karya ba, wai ka duba intanet ka ga akawun dillalan hannun jari a Amurka yana ɗaukar wajen dala dubu 60 a shekara, ka buga lissafi da naira, jikinka ya yi sanyi. Shi ya sa na zauna na rubuto maka, don magana a waya ba ta zama a kai.

Abin da ka gani ba ƙarya ba ne, sai dai kallon kitse kake yi wa rogo. Wancan bawan Allah da dala yake biyan haya, da dala yake biyan inshorar asibiti da harajin tarayya da na jiha. Kai ka auna naka da mudun garinku. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira dubu 70 ne tun watan Yulin 2024, Legas ta sa nata dubu 85, mu nan Kano dubu 71. Abin da aka rubuta maka ya haura na Legas, kuma rana ɗaya ba ka taɓa yi a kujerar ba.

Amma kada adadin da ke saman takarda ya ruɗe ka, ba shi ne zai shigo asusunka ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire maka kashi 8 cikin 100, kamfani ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. Ga haraji kuma. Ka je wurin mai kula da ma'aikata ka tambaye shi kai tsaye: nawa zan gani a ƙarshen wata? Akwai kuɗin asibiti? Wancan kashi 10 ɗin yana cikin jimlar da kuka rubuta ko daban yake? Ba rashin kunya ba ne, ko buhun gero ba a saye sai an soka an gani. Sannan ka cire haya da kuɗin mota zuwa tsibirin Legas kullum, abin da ya rage shi ne albashinka na gaskiya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Shekara talatin ina dillanci a Dawanau, ban taɓa sanin albashi ba, la'ada nake ci. Ranar da aka sallama tirelar riɗi na dawo da nama, ranar da kasuwa ta yi kwantai na dawo da ƙurar ƙafata. Kamfaninku ma haka yake rayuwa, la'adarsa ba ta kai naira 2 a kan kowace 100 ta ciniki ba, daga ciki ake biyan kowa. Kai kuwa ba dillali ba ne, akawu ne. Kai ne mai buɗe wa mutane asusu, mai duba umarnin saye da sayarwa, mai daidaita lissafin kamfani da na CSCS, inda ake ajiye hannayen jarin jama'a a kwamfuta tun 1997. Ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba, wata ya ƙare an biya ka. Ranar da aka yi babban ciniki za ka ga dillalan ofishinku suna fara'a, kai naka bai ƙaru da sisi ba. Kada zuciyarka ta ce an cuce ka, su ma akwai watannin da suke hamma.

Ka san labarin hannun jarin bankin da na saya a 2007, lokacin da kowa a kasuwa yake saye, har masu dako. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ya haura maki dubu 66, kafin shekara ta zagayo ya zubar da kusan kashi biyu cikin uku. Wannan asara na karɓe ta, ƙaddara ce. Abin da ya ci mini rai daban ne. Wani akawu a kamfanin da na bi ta hannunsa ya rubuta sunana Mohammed, alhali a banki Muhammad nake. Saboda wannan kaɗai ribar da bankin yake raba mini ta maƙale shekara da shekaru. Na yi rantsuwa a kotu, na kai hoto, na sa hannu har yatsana ya gaji, na yi ta sintiri da fayil a hammata cikin zafin bazara. Daga ƙarshe wata yarinya ce, akawu kamarka, ta jawo kujera ta ce, "Baba, zauna, yau sai mun gama." Ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Ban san nawa ake biyanta ba, amma har yau in na idar da salla tana cikin addu'ata. Duk sunan da ya zo gabanka, ka tuna akwai wani tsoho a bayansa.

Miliyoyi za su riƙa wucewa ta gaban idonka alhali aljihunka dubbai ne. Nan Shaiɗan yake zama. Za ka ga asusun mamacin da magada ba su san da shi ba. Wani zai raɗa maka cewa a sayar yau a mayar jibi, ba wanda zai sani. Wani zai ce ka ɗan tsegunta masa abin da babban mai ciniki yake shirin saye. Abba, na haɗa ka da Allah, ko kusa kada ka je. Hukumar SEC mai sa ido a kan kasuwar hannun jari tana korar mutum daga harkar baki ɗaya a kan irin wannan, ko ita ba ta gani ba kuwa Allah ya gani. Na ga dillalai a kasuwarmu da suka ci kuɗin fatake sau ɗaya tak, har suka mutu ba wanda ya sake sauke musu ko tiya guda.

In kana son kuɗin ya ƙaru, ƙofar a buɗe take. Ka yi rajista da cibiyar ƙwararrun dillalan hannun jari, CIS, wadda doka ta kafa a 1992, ka fara jarrabawarta tun kana da ƙuruciya, ba ka da iyali. Wanda ya gama ya sami lasisi shi ne ake ba damar yin ciniki da kansa a NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya. Ka tambayi kamfanin ko suna biya wa ma'aikaci kuɗin jarrabawa. In ba sa biya, zagayen farko a wuyana. Ka kuma sa ido ka koyi harkar sukuk, wato takardar zuba jari irin ta Musulunci da ba kuɗin ruwa a cikinta, wadda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100. 'Yan kasuwarmu da yawa suna da kuɗi a ajiye, tsoron cin kuɗin ruwa ya hana su matsowa, suna neman ɗan gida da zai yi musu bayani da Hausa.

Shawarata ka sa hannu ka karɓi aikin. Wata shida na farko ba na son ka aiko mana da ko kwabo, ka tara kuɗin haya tukuna. Mahaifiyarka ta ba direban da zai taso ranar Asabar yaji da kilishi, zan turo maka lambarsa. Ka je ka gaishe da kawunka a Agege kafin ka fara aiki.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Wassalam,
Mahaifinka